Dilimi Kafin Zuwan Leda

Duk wanda ya tashi a Gangare, ko Rikkos, ko Unguwar Rogo a garin Jos a shekarun 1970 da 1980, rafin Dilimi na cikin waɗanda suka raine shi, ko iyayensa sun so ko ba su so ba. A can muka koyi iyo, kuma saboda iyon muka sha bulala. Ba a iya ɓoye laifin zuwa rafi: ido ya yi ja, jiki ya yi furu-furu, ga yashi a aljihun gajeren wando. Inna ba ta ko tambaya, farce kawai za ta ja a ƙaurinka, in farin layi ya fito, shari'a ta ƙare. Washegari kuma mu koma. Yau in ka tsaya a kan gada ka nuna wa ɗanka ruwan, ka ce a nan ka yi wanka, sai ya toshe hanci ya yi dariya, a zatonsa zolayarsa kake yi.

Muna yara ba mu san girman abin da muke tsalle a cikinsa ba. Jos na zaune a kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, kuma ruwan saman da take samu a shekara ya kai wajen milimita 1,400, yawancinsa tsakanin Afrilu da Oktoba. Daga wannan tudu ruwa ke rabuwa ya bi kowace kusurwa: kogin Kaduna ya yi yamma, Gongola ya yi gabas, Mada ya gangara kudu ya nufi Binuwai. Dilimi ne ya zaɓi arewa. Ya ratsa tsakiyar gari, ya shiga jihar Bauchi, ruwansa ya bi kogin Jama'are, ya haɗu da na Haɗeja, su zama Komadugu Yobe, su nufi Tafkin Chadi. Ashe ruwan da muke wasa da shi a Gangare, da shi masunci ke kamun kifi a fadamun Yobe, da shi manomin shinkafa ke ban-ruwa a ƙasar Katagum.

Garin ma bakin ruwan nan ya biyo. Birom da Afizere da Anaguta sun daɗe a kan duwatsun nan suna noman acca tun kafin a yi maganar Jos, kuma maƙeran Ririwai sun san kuzar da ke cikin yashin rafukan tudun, suna narka ta su kai kasuwa tun kafin Bature ya leƙo. A farkon shekarun 1900 Kanar Laws na kamfanin Neja ya kafa sansani a Naraguta, daga nan kamfanoni suka yi ta kwararowa. A 1914 ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso Jos don kwasar kuza. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da Japan ta ƙwace ma'adinan Malaya, Turawan Ingila suka juyo kan Filato, aka yi ta kamo mutane daga lardunan Arewa ana kawo su haƙa ala tilas. Shi ne diban gwamna da kakanninmu ke ambata da ɓacin rai, don sanyin Jos da yunwa sun kashe da yawa daga cikinsu. A 1943 kuzar da aka fitar ta haura tan 15,000. Kakana da ƙafarsa ya zo, amma aikin ɗaya ne: diga, shebur, da kwanon sarki a ka.

Mu mun tarar da ƙurar wannan zamani ne. Manyan kamfanoni sun soma ja da baya, saura masu wankin kuza na ƙashin kansu, maza da mata. Na sha zama ina kallon wata tsohuwa Babiroma da ke da wurinta a wata kwanar rafi. Za ta ɗebo yashi a ƙwarya, ta tsoma bakinta cikin ruwa, ta riƙa juya ta a hankali, tana karkata ta gefe. Farin yashi ya yi ta zamewa yana bin ruwa, ta sa yatsa ta fitar da tsakuwa, ta sake tsomawa. Can sai ka ga baƙin gari mai nauyi ya kwanta a gindin ƙwaryar, bai fi cikin cokali biyu ba. Ta juye shi a gwangwanin madara, ta sake ɗiba. In muka matsa kusa muna dama mata ruwa, sai ta ɗago ta ce, "Yarana, ku koma ƙasa da ni, ruwan nan abincina ne." Mu ce, "To, Mama," mu koma.

Ba zan ce ruwan Dilimi garai-garai yake a lokacin ba. Da damina ja ne, ga laka daga wuraren haƙa. Amma laka ce kawai, in ta kwanta ruwa ya washe. Da kaka har kana ganin ƙananan kifaye suna wulgawa, mu sa tsohon gidan sauro mu kamo su, mu ɗaga duwatsu muna neman ƙaguwa. Masu wanki da guga na da nasu faffaɗan duwatsun, kowa ya san nasa, ba mai hawa na wani. Tun da asuba, cikin sanyin Disamba da ke sa yatsu su ƙage, za ka ji bugun kaya a kan dutse. Kafin hantsi an shanya manyan riguna da zannuwan gado, an sa musu bula da sitaci, bakin rafi ya yi fari fat. Ƙasa da su masu ɗibar yashi, can gaba kuma inda ake shayar da shanu.

Sai lambuna. Daga ƙarshen damina har zuwa bazara, gefen Dilimi kore shar yake, tun daga cikin gari har wajen Naraguta: latas, kabeji, karas, tumatir, koren wake, albasa mai lawashi. Da jigo ake ban-ruwa kafin injin ya yawaita. Akwai wani dattijo, Bakano, abokin kakana, da muke kira Baba. Shi ya nuna mini yadda sharar gari ke komawa abinci. Zai sayi shara tifa guda daga bola, a juye masa a bakin lambu, ya sa mata wuta ta ci a hankali. In ta huce, ya zauna da manjagara yana tsince gwangwani da fasassun kwalabe, ya tankaɗe tokar, ya bi fangali-fangali yana zubawa. Ƙasar Jos tsami gare ta, in ji shi, toka ce ke kashe tsamin. Sharar wancan lokaci kuwa tokar murhu ce, da ganyen da aka naɗe ƙosai ko alale, da ɓawon rogo, da kashin awaki. Abin da ya fito daga lambun kuma sai kasuwar Farin Gada, daga can manyan motoci su kwasa zuwa Legas da Fatakwal.

Da na girma na yi ta tunanin abin da ya tsare rafin a wancan zamani, alhali ba wanda ya taɓa karanta mana lacca kan muhalli. Amsar da na samu ita ce, kowane taku na bakin Dilimi yana da mai shi. Mai wanki ba zai bari ka yi bahaya sama da dutsensa ba. Mai lambu ba zai bari ka zubar da baƙin mai kusa da inda yake jan ruwa ba. In magana ta fi ƙarfinsu, a kai wa mai unguwa. In ta fi ƙarfin mai unguwa, ga dubagari da kakinsa da littafinsa, wanda ke shiga har tsakar gida ya leƙa randa, ya duba kwata, in ya ga tsutsa ya rubuta sammaci. Matan unguwa in suka ji an ce dubagari ya shigo layi, sai ka ga tsintsiya na tashi ta ko'ina. Hukuma na da hannu a ciki, jama'a na da hannu, kuma kowa ya san iyakar aikinsa.

Kafin ruwan farko ya sauka, mai unguwa kan sa a yi shela: ranar kaza za a yi gayyar yasar kwata. Kowane gida ya fitar da namiji da shebur ko fartanya. A faro daga saman layi, a bi magudana ana kwashe yashi da tarkace har inda ta faɗa rafi. Mata su dama kunu, wata maƙwabciyarmu ta kawo gwaten acca a babbar tukunya. A layinmu akwai Bayarabe mai ɗinki, da Ibo mai sayar da kayan gyaran mota, da Bajari ma'aikacin jirgin ƙasa, duk da su ake yi. Ba a sa gayya ranar Juma'a ko Lahadi da safe, don kada a tauye wa kowa ibadarsa. Ba wanda ya rubuta wannan doka, kowa dai ya san ta.

A 1984 gwamnatin Janar Buhari ta ƙaddamar da yaƙi da rashin ɗa'a, daga baya aka shigo da tsaftar muhalli ta Asabar ɗin ƙarshen wata. An hana zirga-zirga da safe, soja na sintiri, wanda aka kama yana yawo ya yi tsallen kwaɗo. Gari ya yi tsaf, ba musu. Sai dai wani abu ya sauya a zukata. Aikin da muke yi don kanmu ya koma aikin da ake yi don tsoron bulala, kuma da bulalar ta tafi, sai mutane suka zauna suna jiran gwamnati.

Daga nan abubuwa suka taru suka yi wa rafin rubdugu. A 1985 farashin kuza ya faɗi warwas a kasuwar duniya, sauran kamfanonin suka tattara, suka bar tudun da ɗaruruwan kududdufai. Gari kuma bai daina cika ba. Tun da Jos ta zama babban birnin jihar Binuwai-Filato a 1967, sannan na Filato a 1976, mutane ke shigowa, fili na tsada. Mai lambu ya tsufa, 'ya'yansa suka yanka lambun fuloti-fuloti suka sayar. Wanda ya saya ya cike gefen rafi da shara da ɓaraguzai don ya ƙara ɗaki ɗaya, na kusa da shi ya ga haka ya ƙara biyu. Aka juya wa rafin baya, aka miƙa masa bututun masai. Sannan leda ta zo, baƙa da fara, ruwan leda ya biyo baya a shekarun 1990. Ita ba ta ruɓewa, ba ta zama toka, sai dai ta toshe kwalbati ta maƙale a ƙafar gada. Masu wanki suka koma rijiya da famfo. Dilimi ya zama kamar maraya a tsakiyar dangi, kowa na aikensa, ba mai yi masa wanka.

Abin da ya ƙarasa rafin shi ne rikicin da ya ɓarke ranar Juma'a, 7 ga Satumba, 2001, da waɗanda suka biyo baya a Nuwamban 2008 da Janairun 2010. Ban da rayukan da aka rasa, garin ya tsage. Maƙwabtan shekara da shekaru suka kwashe kaya, Musulmi suka koma inda Musulmi suke, Kirista suka koma inda Kirista suke. A wurare da dama rafi ko gada ce ta zama iyaka, kowa na tsoron tsallakawa. Bakin ruwan da a da yake cike da mutane tun asuba ya koma wurin da ba a son yamma ta yi wa mutum a can. Ina za a yi gayya, alhali na sama da na ƙasa ba sa ko gaisawa?

Ruwa kuwa ba ya manta hanyarsa, haka tsofaffi ke cewa. Daren Lahadi, 22 ga Yuli, 2012, ana farkon azumi, aka yi ta sheƙa ruwa, madatsar Lamingo ta tumbatsa. Ruwan ya gangaro cikin duhu, ya tarar an matse masa hanya, gadoji sun toshe, sai ya bi ta cikin ɗakuna a Rikkos da Gangare da Unguwar Rogo. Aƙalla mutum 35 suka rasu, da yawansu yara, gidaje kusan 200 suka rushe ko suka lalace. Da gari ya waye na ga samari sun jeru suna bin rafi da dogayen sanduna, suna tona tarin leda da laka, suna neman gawar ƙannensu. Wasu sai can nesa da gari aka tsinto su. Allah ya jiƙansu. A shekarar ambaliya ta game ƙasa, hukumar NEMA ta ce mutum 363 suka mutu, fiye da miliyan biyu suka bar gidajensu. Shugaba Jonathan ya ware Naira biliyan 17.6 don agaji, Filato na cikin jihohin da aka ba miliyan 500. An raba shinkafa da tabarmi da kwanon rufi, an yi gargaɗin a tashi daga bakin ruwa. Da rani ya yi, mutane da yawa suka koma suka ɗora bulo a kan tsohon tushe, don ba su da wani wurin zuwa.

Ba a rasa hukumomi da tsare-tsare ba. Akwai JMDB mai kula da tsarin gine-ginen birni, akwai PEPSA mai kula da tsafta. Tun 2006 jihohin Filato, Bauchi, Kano, Jigawa, Yobe da Borno suka haɗu da gwamnatin tarayya suka kafa asusun kula da kwarin Haɗeja, Jama'are da Komadugu Yobe, kuma ruwan da ke tashi daga tudun Jos ne ya ba Filato kujera a wannan zama. An yi shirin NEWMAP na Bankin Duniya kan zaizayar ƙasa, sannan a Disamban 2021 bankin ya amince da Dala miliyan 700 don shirin ACReSAL a jihohin Arewa 19 da Abuja. Abin da ya burge ni a tsarin na baya-bayan nan shi ne, ana duba kwarin ruwa ne gaba ɗayansa, daga inda ya taso zuwa inda ya nufa, kuma an sharɗanta a sa mutanen wurin cikin aikin. A takarda, wannan daidai yake da abin da Baba mai lambu ya sani ba tare da ya shiga aji ba.

Ga misali nan a ƙarshen ruwanmu. A fadamun Haɗeja da Nguru, ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa, gonaki suka nutse a wani gefe, wani gefen ya bushe. Masunta da manoma da makiyaya, waɗanda ba kullum suke shiri ba, suka riƙa fitowa gayya da lauje da adda da kwalekwale suna sarewa, hukuma da masu tallafi suka kawo injin yasa inda hannu ba zai iya ba. Inda aka ci gaba da bibiya ruwa ya wuce, inda aka saki kacala ta dawo. Birane kuma kowa da hanyar da ya bi. A Kano, zamanin mulkin Kwankwaso na biyu, an soma rufe Jakara da kankare a shimfiɗa titi a kai. A Seoul ta Koriya ta Kudu akasin haka aka yi: tsakanin 2003 da 2005 suka rushe babbar gadar sama, suka buɗe rafin da aka binne a ƙarƙashinta, kusan kilomita shida, bayan doguwar tattaunawa da 'yan kasuwar wurin. Jos ba ta da kuɗin Seoul, kuma rufe Dilimi asara ce, don har yanzu akwai masu lambu da ke ci daga gare shi, mu kuma muna cin latas ɗin da suka shayar da wannan ruwa.

Rabon aikin a fili yake. Katafilar yasa, da ginin bango a inda gaɓa ke zaizayewa, da faɗaɗa kwalbati, da lura da madatsun Lamingo a kuma sanar da mutane kafin ruwa ya iso, duk na gwamnati ne, ba unguwar da za ta iya. Haka motar kwasar shara mai zuwa a kan lokaci. Matar da ke aiken yaro ya juye bokiti a rafi da daddare ta san ba kyau, amma in bola ta cika ta yi wata ba a kwashe ba, ina za ta kai? Wanda ya gina ɗaki a bakin ruwa kuma, in za a tashe shi, a nuna masa inda zai koma, a biya shi hakkinsa, a kuma fara da mai bene kafin mai ɗaki ɗaya, don a san dokar ta kowa ce. Amma katafila sau ɗaya take zuwa a shekara, in ta zo. Tsaron yau da gobe sai wanda ke kwana a wurin: mai unguwa, liman da fasto, ƙungiyoyin matasa, masu lambu, masu wankin mota, 'yan gwangwan da ke tsintar roba da ƙarfe. A yanka bakin rafin gaɓa-gaɓa, kowace gaɓa a damƙa ta ga mutanen da aka sani da suna, a ba su kayan aiki da lambar jami'in da zai ɗaga waya in sun kira.

Akwai kuma ribar da ta wuce tsafta. Sharar da aka zubar a unguwar sama a ƙofar na ƙasa take kwana, ambaliya kuma ba ta tambayar sunan mai gida kafin ta shiga. Don haka ba unguwar da za ta gyara nata yankin ita kaɗai ta tsira. An yi tarurrukan sulhu da yawa a otal-otal na Jos, an ci abinci an ɗauki hoto. Ina ganin samarin unguwanni biyu da za su kwashe safiya guda cikin laka ɗaya, suna miƙa wa juna shebur, za su fi saurin sanin sunan juna.

Mu da muka ga Dilimi da kifi a cikinsa mun fara furfura, kuma mu kaɗai muka rage da za mu iya shaida cewa abin mai yiwuwa ne. Kuzar ta tafi, ba kuma mai roƙon ta dawo da diban gwamnanta. Abin da za a iya dawowa da shi shi ne shelar mai unguwa a watan Maris, da motar hukuma tsaye a bakin layi tana jiran abin da aka yaso, kafin hadarin Afrilu ya haɗu a kan duwatsun Shere.